Kiɗan Ɗauki

A zamanin da muka taso, in mutum ya ji ƙara a ƙauye, wajen ƙarar yake nufa. Yanzu kuwa ko tayar babur ce ta fashe a kasuwa, sai ka ga kowa ya nemi hanyar gida, uwa ta finciki ɗanta, mai shago ya ja ƙofa. Ba na zargin kowa, ni ma haka nake yi da ƙafafun nan nawa da suka gaji. Amma abin yana ci mini rai, domin ni ɗan makaɗa ne, kuma na ga lokacin da ganga ɗaya takan tara unguwa uku kafin tuwo ya huce. Abin da ya tayar mini da wannan tunani kuwa wani aiki ne da na tafka kwanan baya a nan Dutsin-Ma, da furfurata da komai.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a bayan Barkiya, ta ƙasar Kurfi. Ba sai na faɗi sunansa ba, don babu kowa a cikinsa yanzu sai gara da ƙadangaru. Mahaifina shi ne Sarkin Kiɗan garin, ni kuma tun ban fi ganga tsawo ba aikina shi ne hidimarta. Ni ke fitar da ita rana da hantsi don fatar ta ɗame, ni ke jiƙa fatar akuya in kankare gashin in za a sake mata baki, ni ke saɓa ta in bi Baba gona ranar gayya, ina tafe tana bugun ƙwaurina. Kowane manomi a garin yana da takensa da ya gada daga ubansa. Baba yakan tsaya a bakin kunya, ya dubi wanda ƙugunsa ya fara sanyi, ya saki takensa, sai ka ga mutumin nan ya zabura ya yi kururuwa, garma na cin ƙasa kamar yanzu ya fara. In ya miƙo mini gula na hau dukan fata da ƙarfin samartaka, sai ya ce, "Kai, sassauta hannu, ba jaki aka ba ka ba." Na sha wannan magana har na ƙoshi, amma hannuna bai sassauta da wuri ba.

Ba mu kaɗai ba ne a dajin. A hayin rafi akwai rugar wani Ardo, dattijo dogo mai yawan shiru, wanda shanunsa kan kwana a gonakinmu bayan girbi su bar mana taki. Ta kudu akwai unguwar Maguzawa, manoman da ba a taɓa wuce su a kunya ba. In kaka ta yi, Buzaye kan sauko da raƙumansu su ci kara. Duk waɗannan mukan haɗu ranar kalankuwa, wato wasan da samari ke shiryawa in an gama kai amfani gida. Fulani su zo da sarewarsu da 'yan matansu, Maguzawa su zo da rawarsu mai girgiza ƙasa, mata su baje ƙoren da suka yi wa zane, 'yan dambe su ja daga a gefe, har wani tela Bayarabe daga Kurfi ba ya fashi, yakan zo da kekensa ya ɗinka wa samari riguna a nan take. Ana tsokanar juna ba sassauci. Mu ce Bafillace ba ya iya riƙe garma, su ce Kaɗo ko akuya aka ba shi sai ta ɓata. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya gaya mana cewa wannan al'ada ce, ko a rubuta ta a allo a rataye. Mun dai san in an girbe gero ana wasa, kuma kowa yana zuwa.

A cikin duk kiɗan da Baba ya iya, akwai ɗaya da ba na wasa ba. A wajenmu ana ce masa kiɗan ɗauki. Bugu uku ne masu ƙarfi a jere, a ɗan tsaya, sannan a saki hannu da sauri ba numfashi, a sake komawa. Ba a yin sa sai in wuta ta kama, ko yaro ya faɗa rijiya, ko ɓarayi sun kora dabbobi. Dokarsa ɗaya ce, kuma ta hau kan kowa, Bahaushe da Bafillace da Bamaguje: duk wanda ya ji, ya yar da abin da ke hannunsa ya nufo ganga, ba ya tambayar gidan wa ne. Ko koyon sa ba a yi a kan fata. A ɗaki Baba ya zaunar da ni, ya koya mini shi a kan cinyata da tafin hannu, don kada wani ya ji ya taso. Da na iya, ya riƙe wuyan hannuna ya ce, "Wanga ba naka ba ne, na gari ne. Ajiya aka ba mu." Na ce to, amma a raina abin da na gani kawai shi ne babu kiɗan da ya kai shi zafi.

Shekarar da gemuna ya fara tsirowa aka gayyato wani makaɗi daga Rawayau ya zo kalankuwarmu. Saurayi ne kamar ni, mai farar riga da iya karkata hula, kuma gaskiya ya iya. Da rana tsaka ya buɗe fage, 'yan mata suka watse daga gabana suka koma gabansa, har da wadda nake so. Baba ya shiga gida yin azahar, ganga tana wuyana. Na gwada duk abin da na sani, ko waiwayo ba a yi ba. Sai zuciya ta ce mini, ai yau ranar wasa ce, kowa ya san wasa ake yi, wa zai ɗauka da gaske? Na ɗaga gula na saki bugu ukun nan.

Waɗanda ke fage sun ga ni ne, sun ga babu hayaƙi, sai suka yi cirko-cirko. Amma ganga ba a fage kaɗai ake jin ta ba. Kafin in farga da abin da na yi, mata sun fito daga lunguna da tuluna a ka suna tambayar ina wutar. Liman ya fito ba takalmi. Maguzawan da ba su riga sun iso ba suka ɓullo daga kudu da gatura da baka. Daga hayin rafi kuma sai ga Fulani a guje da sanduna, har da tsofaffin da suka zauna tsaron garke. Ardo ne kaɗai bai iso ba. Wajen tsallake rafi da gudu ƙafarsa ta zame a kan dutse, ƙugunsa ya goce, a kan ƙyauren kara aka ɗauke shi. Ina iya tuna 'yarsa, wata 'yar ƙaramar yarinya mai kitson doka, tana bin bayan masu ɗauke da shi, ta rungume malfarsa tana kuka.

Baba bai dake ni ba, kuma da ya dake ni da ya fi mini sauƙi. Washegari ya sa ni gaba har ruga, ya ce in durƙusa. Ardo yana kwance a kan tabarma, an ɗaure masa ƙugu da tsumma. Ya dube ni ya ce, "Yaro, ƙafa ba komai ba ce, na ci moriyarta. Amma gobe in ka kaɗa, sai na tsaya na yi tunani kafin in taso. Ɓarnar da ka yi ke nan." A gabansa Baba ya sa na yi alkawari cewa hannuna ba zai sake fitar da wannan kiɗa ba sai da dalili. Daminar da ta biyo ni na nome wa Ardo 'yar gonarsa, tun daga shuka har girbi, yarinyar nan tana kawo mini fura a bakin gona, ta ajiye ta juya ba ta dube ni ba. Ardo ya tashi, amma da ɗingishi ya ƙare rayuwarsa. Duk ranar kasuwa in na hango shi yana jan ƙafar nan, sai in canza hanya.

Na riƙe alkawarin. Baba ya rasu, ganga ta dawo hannuna, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar. A tsawon wannan lokaci sau biyu na kaɗa ɗauki, sau ɗaya gobara, sau ɗaya rijiya, kuma duka biyun an zo. Sai dai abubuwa suna ta zamewa a hankali. Wa'azi ya yi yawa a kan kiɗa, kalankuwa ta mutu. Maganin feshi ya shigo, gayya ta ragu. Maguzawa wasu suka musulunta, wasu suka tashi. Aka nome burtali, aka fara faɗa a kan ɓarnar shanu, tsokanar da muke yi da Fulani ta daina ba da dariya. Daga nan kuma sai mutanen daji suka bayyana da bindigogi. Suka kwashe shanun ruga, suka kwashe namu, amma maimakon wahala ta haɗa mu sai ta raba. Mu muna kallon hayin rafi da zargi, su suna kallonmu da tsoro. Aka wayi gari ko nono ba a tsallakowa da shi.

Ranar da mutanen daji suka shigo mana, bayan la'asar ne, ana tsakiyar noman maimai. Na ji rurin babura daga yamma, wajen gonar babban ɗana, sannan na ji harbi. Na sauko da ganga na fito ƙofar gida na kaɗa ɗauki. Na kaɗa da duk ƙarfin da ya rage mini, ina duban kudu, ina duban hayin rafi. Mutanen garinmu suna wuce ni a guje, amma ba wajen gonar suka nufa ba, dawa suke shiga. Na kaɗa har gula ta karye, na ci gaba da hannu. Babu wanda ya zo. Da magariba muka ɗauko ɗana daga tsakanin kunyoyi, fartanyarsa tana gefensa. Bayan kwana kaɗan garin ya watse, ni da matarsa da 'ya'yansa muka zo Dutsin-Ma muka kama ɗaki biyu a bayan gari. Ba zan ɓoye ba, na riƙe mutanen ruga a zuciya fiye da kowa. Na ce tsohonsu ya gaya mini za su tsaya su yi tunani, ga shi sun yi tunanin har an kashe mini ɗa.

Gangar na rataye ta a ƙusa, surukata tana shanya kayan yara a kanta. A nan wata malamar makaranta, maƙwabciyarmu, ta gan ta. Mace ce mai kirki da ladabi. Ta zo ta durƙusa ta ce makarantarsu tana taron shekara-shekara don tuna tarihin baƙar fata da nuna al'adun ƙabilu, suna so yara su ga kiɗan noma da idonsu. Na ce na bari. Ta dawo sau uku. A na ukun ta ce, "Baba, in ba ku nuna masu ba, wa zai nuna?" Wannan ta kama ni. Na fitar da ganga rana, na sassaƙa sabuwar gula, har na sa aka wanke mini babbar riga.

Taron ya yi kyau, ba zan rage masa ba. An kafa rumfuna a filin makaranta, an jera hotunan baƙaƙen mutane na ƙasashen da ban sani ba. Yara sun yi shigar Yarabawa da ta Ibo da ta Tibi, sun kawo abincinsu, sun yi rawarsu. Wasu 'yan mata sun yi shigar Fulani, kowace da sabuwar ƙwarya a ka wadda ko ɗigon nono ba ta taɓa gani ba. Wani malami ya tashi ya ba da labarin kakanninmu da aka kwashe aka tsallaka teku da su, ya ce a wasu wuraren har ganga aka hana su, don iyayengijinsu sun gane cewa da ita suke kiran juna. Na gyaɗa kai, na ce yau ga mai ilimi ya faɗi abin da na sani. Sai dai duk waɗannan ƙabilu a cikin katanga suke, da mai gadi a ƙofa, kuma da an tashi kowa zai tuɓe ya ninke.

Aka kira ni bayan wasu samari sun gama tsalle-tsalle da kiɗan lasifika. Aka sa mini makirfo a bakin ganga. Na fara da taken manoman garinmu, ɗaya bayan ɗaya, mutanen da duk suna ƙasa ko sun bazu. Kowane na saki sai in ga fuskar mai shi, amma a gabana babu wanda ya zabura. Yara suna danna waya, wasu sun tashi sun nufi wajen mai zoɓo. Malamar ta sunkuyo kusa da kunnena ta ce, "Baba, ko akwai mai ɗan zafi? Yaran sun fara watsewa."

Ban san zuciyar nan ta ƙuruciya tana nan da ranta ba sai ranar. Ita ce dai ta sake magana, da muryarta ta da. Ta ce Baba ya rasu, Ardo ya rasu, gari ya watse, ranar da ka kaɗa da gaske ma ba a zo ba, to wa ya rage a duniya da zai gane? Na ɗaga gula na saki bugu ukun nan.

Filin ya ɗauka nan take. Yara suka yi ihu suka dawo a guje, masu shigar Ibo da masu shigar Fulani suka cakuɗe suna rawa, malamai suna tafi, wayoyi duk sun ɗago suna ɗaukata. Kiɗan da na yi a kan gawar ɗana, shi suke takawa. Kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗi. Na ƙara wuta, lasifika tana kai shi har bayan katanga.

Sai na ga rawar tana tsagewa daga baya. Wata tsohuwa ce ke ture yara tana kutsowa, ɗankwalinta ya faɗi, furfura a waje, ƙafa ɗaya ba takalmi, ta riƙo wani guntun icce da ta tsinta a hanya. Mai gadi yana bin ta yana kira. Ta iso gabana tana haki kamar ƙirjinta zai tsage, ta ce, "Ɗan Sarkin Kiɗa! Ina ne? Wa aka taɓa?"

Rabon da a kira ni da wannan suna tun Baba yana da rai. Na dubi fuskarta, na ga idon Ardo. Yarinyar nan ce mai malfa. Ashe ita ma tana garin, tana sayar da fura da nono a ƙofar makarantar. Hannuna ya tsaya. Yara kuwa suka ɗauka cikin shirin ne, suka rufe ta da tafi, malamar tana duba takardar tsarin taro tana neman inda aka rubuta tsohuwa.

Na ture makirfo gefe na ce, "'Yar Ardo, ba kowa. Yara ne ka wasan al'ada."

Ta dubi yaran, ta dubi gangar, ta dube ni. Iccen bai bar hannunta ba. Ta ce, "Wasa?"

Na ce, "Wasa."

Numfashinta ya ɗan daidaita. Sannan ta ce, a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, "Ranar nan mun ji ka. Tun bugun farko munka ji. Maigidana ya ɗauki sanda zai tsallaka, ni na riƙe mashi riga, don mutanen daji sun ce duk wanda ya ƙetare rafi za su ƙone rugar. Na riƙe shi, muna tsaye muna ji har gangarka ta yi shiru. Rugar ma ba ta tsira ba, shi ma bai daɗe ba. Tun ranar na ce in Allah ya sa na sake jin kiɗan nan, ko ina rarrafe sai na tahi." Ta yar da iccen. "Ga ni na zo."

Shekarun da na yi ina riƙe da mutanen ruga a zuciya, ashe ita ma tana riƙe da kanta. Ta juya ta bi ta cikin yaran, suna buɗa mata hanya suna murmushi. Na sauke ganga na bi ta har ƙofa. Ƙwaryarta tana ƙasa ta rabe biyu, nono ya malale cikin yashi, curin fura sun gangara har bakin kwata. Ta tsuguna tana tsince su ɗaya-ɗaya tana hure ƙasar. Na sunkuya zan taya ta, ta ɗaga mini hannu ba ta dube ni ba, kamar yadda take ajiye mini fura a bakin gona. Na tsaya a kanta kamar gunki har ta ɗaure kayanta ta tafi, takalmi ɗaya a ƙafa.

Malamar ta zo gida da yamma da godiya, ta ce kiɗan ƙarshen nan ya fi komai armashi, ko zan koya wa yara shi saboda baɗi. Na ce mata ba nawa ba ne. Ba ta gane ba, ni kuma ban iya yi mata bayani ba. Gangar ta koma ƙusarta, kayan yara sun koma kanta. Unguwarmu a bakin gari take, kuma kwanakin nan an fara jin labarin babura a ƙauyukan da ke kusa. Na san kaina, in suka shigo hannuna zai kai ga ganga, don ban san wani abin yi ba. Na kuma san a duk faɗin garin nan mutum ɗaya ce za ta gane abin da nake faɗa. Za ta ji daga ƙofar makaranta, ta ajiye ludayi, ta tsaya ta yi tunani.